Yadda Ake Karanta Labarin Bincike Mai Sanyi da Tsofaffin Tatsuniyoyin Turai

Karatu iri biyu ne mutane suka fi nema idan suna son abin da zai ɗauke musu gajiya da dare. Ɗaya shi ne labarin binciken kisa da ke faruwa a ƙaramin ƙauye ko cikin wani babban gida, inda ba a nuna wa mai karatu jini, kuma mai gano gaskiyar sau da yawa ba ɗan sanda ba ne. Masu sayar da littattafai suna jera shi da sunan cozy mystery, kuma da wannan suna za ka neme shi. Ɗayan kuwa tsofaffin tatsuniyoyin da aka rubuta a Faransa da Jamus da Denmak. Akan haɗa su wuri ɗaya don dukansu ba sa tayar da hankali, amma hanyar karanta su ta sha bamban. Labarin bincike da ido da fensir ake bin sa, ana zargin kowa. Tatsuniya da baki da kunne ake bin ta, ba a tuhumar ta. Yawancin waɗanda suka ce sun gwada ba su ji daɗi ba, musanya hanyoyin suka yi.

Kayan da za ka tanada

Littafin bincike guda ɗaya, mai shafi 200 zuwa 300. Kada ka tara biyar ka ce za ka riƙa ɗanɗanawa, sunayen mutanen ciki za su cakuɗe maka.

Tarin tatsuniyoyi guda ɗaya wanda ba a taƙaita shi ba. Yadda za ka gane shi yana mataki na 8.

Fallen takarda biyu da fensir. Ka ninke takardun gida biyu su zauna cikin littafin, su ne alamar inda ka tsaya, su ne kuma wurin rubutunka.

Ƙamus, na takarda ko na waya. Idan na waya ne, ka sauke wanda yake aiki ba tare da intanet ba, don kada neman kalma ɗaya ya kai ka ga duba saƙonni.

Haske mai kyau da minti 30 zuwa 40 a kowane zama.

Idan ba ka da kuɗin sabon littafi, masu sayar da tsofaffin littattafai su ne abokan tafiyarka, amma ka duba abu uku kafin ka biya. Ka buɗe ƙarshen littafin ka dubi lambobin shafi kawai, ba rubutun ba, ka tabbatar ba a yage shafukan ƙarshe ba, domin nan ne amsar take. Ka bi lambobin tsakiya, domin bugun satar fasaha yakan tsallake shafi goma sha shida a lokaci guda ko ya maimaita su. Sannan ka ba wani ya leƙa maka gefen shafukan farko, don akwai masu karatun da ke zagaye sunan mai laifi da biro. Idan waya kaɗai gare ka, Project Gutenberg yana ba da tsofaffin littattafan da haƙƙin mallakarsu ya ƙare a Amurka kyauta, kuma akwai tatsuniyoyin Grimm na Jamus da Andersen na Denmak da littafin farko na Agatha Christie, marubuciyar labaran bincike 'yar Ingila, a ciki. LibriVox kuma yana da irin waɗannan da murya.

KASHI NA ƊAYA: LABARIN BINCIKE

1. Zaɓi littafin da ya yi daidai da kai

Buɗe kowane shafi a tsakiya, ka karanta, ka ƙirga kalmomin da ba ka sani ba. Idan sun wuce biyar, littafin ya yi maka nauyi a yanzu. A wani irin labarin kana iya wuce kalma ka fahimci sauran, amma a nan kalmar da ka tsallake tana iya zama ita ce bakin zaren. Kamfanin Collins ya fitar da sauƙaƙan bugu na littattafan Christie don masu koyon Turanci. Babu laifi a fara da su. Mai karatu da Faransanci, kamar 'yan'uwa na Nijar, ya nemi jerin Le Masque, wanda ke buga fassarar littattafanta tun 1927.

Ga wanda bai taɓa karanta irin wannan ba, The Murder at the Vicarage na Christie, wanda ya fito a 1930, mafari ne mai kyau, domin shi ne dogon labari na farko da Miss Marple ta fito, tsohuwar da ke zaune a ƙauyen St Mary Mead tana gane halin baƙo ta hanyar kwatanta shi da wani da ta sani a ƙauyensu. Wanda ya fi son ƙasar Afirka ya nemi The No. 1 Ladies' Detective Agency na Alexander McCall Smith, wanda ya fito a 1998, labarin wata mata mai ofishin bincike a Gaborone ta ƙasar Botswana. Sai dai ya sani cewa shi wannan ya fi karkata ga halayen mutane da ƙananan matsaloli, ba wasan ƙwaƙwalwar gano mai kisa ba, don haka matakan fensir da ke tafe ba za su yi masa aiki sosai ba.

Gargaɗi: kada ka karanta gabatarwar da wani masani ya rubuta a gaban littafin sai ka gama. Kada ka nemi sunan littafin a intanet, shafin Wikipedia yana faɗin ƙarshe ɓaro-ɓaro. Idan jerin littattafai ne masu jarumi ɗaya, ka bi su yadda suka fito, don wanda ya fito daga baya yakan ambaci wanda aka kama a littafin da ya riga shi fitowa.

2. San ƙa'idar wasan

Irin wannan labari wasa ne tsakanin marubuci da mai karatu, kuma yana da doka. A 1929 wani limamin Katolika ɗan Ingila, Ronald Knox, ya jera ƙa'idoji goma, kuma marubutan da suka kafa ƙungiyar Detection Club a Landan a 1930 sun ɗauki adalci ga mai karatu a matsayin alkawari. Waɗanda za su amfane ka su ne: dole mai laifi ya kasance wanda aka ambata tun farkon labari, ba aljani, ba tsafi, ba gubar da kimiyya ba ta sani ba, mai bincike ba zai gano gaskiya da sa'a ko mafarki ba, duk alamar da ya gani sai an nuna maka ita, ba a fito da tagwaye a ƙarshe ba tare da an share fage ba.

Amfanin sanin wannan shi ne ka daina jiran wani baƙo ya faɗo daga sama. Mai laifin yana cikin mutanen da ka riga ka gaisa da su a babi uku ko huɗu na farko. Manyan marubuta sukan taka gefen doka, amma ba sa ɓoye maka alama. Ɓoye maka muhimmancinta suke yi.

3. Rubuta sunaye tun daga babin farko

A takarda ta farko, duk wanda ya shigo ka rubuta sunansa, aikinsa, da dangantakarsa da mai gidan. Ka bar layi uku a ƙarƙashin kowane suna. Waɗanda ake zargi da gaske ba su cika wuce biyar zuwa takwas ba, amma kada ka raina kowa: baran gida, mai kula da lambu, sakatariya, likitan iyali, duk ka sa su.

Kuskuren da ya fi kama sabon mai karatu shi ne ɗaukar mutum ɗaya a matsayin biyu. A littattafan Ingila na wancan zamani, matarsa za ta kira shi da sunan yanka, abokansa da sunan iyali, barori da muƙaminsa na soja ko sarauta. Matar aure tana ɗaukar sunan iyalin mijinta, don haka 'ya da uwa suna iya zama da sunaye daban. Ka haɗa dukkan sunayen mutum a layi ɗaya. Inda ka ga an yi maganar sunan da mace take da shi kafin aure, ka ja layi a ƙarƙashi, don ta nan ake ɓoye dangantaka.

4. Koyi abubuwa kaɗan game da Ingila ta lokacin

Ba sai ka zama masanin tarihi ba, amma waɗannan suna shiga lissafi.

Kuɗi: kafin 1971, kwabo 12 ne sule, sule 20 ne fam. Tsarin da Najeriya ta yi amfani da shi ke nan har zuwa 1973, don haka duk dattijon da ya ci kasuwa da taro da sisi zai warware maka shi. Kuɗin da suke kira gini (guinea) kuwa sule 21 ne. Idan aka ce wata za ta gaji fam ɗari biyar a shekara, ka ɗauka abin da zai riƙe mutum ne ba tare da ya yi aiki ba, wato dalili ne babba.

Lokutan abinci: shayin la'asar tsakanin ƙarfe huɗu da biyar, abincin dare wajen takwas, kuma a manyan gidaje ana kaɗa ƙararrawa kowa ya je ya sauya tufafi. Wannan rabin awar da kowa ke ɗakinsa shi kaɗai, marubuta suna ƙaunarta.

Zaman binciken musabbabin mutuwa: idan mutum ya mutu ba zato, wani jami'i yakan yi zama a bainar jama'a, sau da yawa a zauren ƙauye, shaidu su yi rantsuwa su faɗi abin da suka gani da lokacin. Ba shari'ar mai laifi ba ce. Babin da wannan zama ya faɗo kada ka karanta shi da barci a idonka, domin kusan duk lokutan da za ka buƙata suna ciki.

Guba: a lokacin ana samun ta cikin kayan gida, irin maganin kashe ciyawa, takardar kama ƙuda, da maganin gidan rina, kuma mai saye a kantin magani sai ya sa hannu a rajista. Christie ta yi aikin haɗa magani a asibiti a garinsu Torquay lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, shi ya sa bayaninta kan magani abin dogaro ne cikin labari. Idan ta ce wani abu yana da ɗaci, ka tambayi kanka da me aka ɓoye ɗacin.

Hukunci: har zuwa 1965 rataya ce sakamakon kisa a Birtaniya. Wannan ne ya sa za ka ga uwa ta yi ƙarya don ɗanta, ko miji ya amsa laifin da bai yi ba.

Abu ɗaya kuma da ya kamata ka sani: wasu daga cikin tsofaffin littattafan nan suna da kalaman raini ga baƙi, da Yahudawa, da baƙaƙen fata. Munin abin na gaske ne. Ka gan shi yadda yake, kuma ka lura da shi idan za ka miƙa wa matashi littafin.

5. Zana jadawalin lokaci da taswira

Wannan shi ne zuciyar aikin. A takarda ta biyu ka ja layi daga sama zuwa ƙasa. A hagu ka rubuta lokuta, daga sa'ar da aka ga mamacin da rai na ƙarshe zuwa sa'ar da aka tsinci gawa, kana raba su minti goma sha biyar-biyar. A dama ka rubuta wanda yake ina. A gefen kowane bayani ka sa harafin farko na sunan wanda ya faɗe shi. Wannan ƙaramin harafi ya fi komai amfani, saboda bambancin abin da marubuci ya nuna maka da idonka da abin da wani ya ce ya faru.

Tambayoyin da za ka yi wa jadawalin:

Wa ya tsayar da lokacin mutuwar? Idan likita ne, yakan ba da tazara ta awa ɗaya ko biyu. Idan fasasshen agogo ne da ya tsaya, ko ƙarar bindiga, ko wasiƙa mai ɗauke da lokaci, ka yi shakka, domin duk ana iya shirya su.

An ga mamacin ne, ko muryarsa aka ji ta bayan ƙofa? An ga fuskarsa, ko hularsa da rigarsa aka hango daga nesa?

Su wa suka shaidi juna? Mutum biyu da kowannensu ya ce yana tare da ɗayan, shaida ɗaya ce, ba biyu ba. Ka ƙara sa ido idan a fili suna nuna ba sa shiri.

Wa ya fara isa wurin gawa, kuma minti nawa ya yi shi kaɗai?

Idan littafin yana da taswirar gida ko ƙauye, ba ado ba ce. Ka naɗe gefen shafin ka riƙa komawa. Idan babu, ka zana da kanka: ƙofofi, tagogi, matakala, hanyar lambu. Ka lura da irin dogayen tagogin nan da suke buɗewa har ƙasa kamar ƙofa, mutum na iya fita ta nan ya dawo ba wanda ya gan shi a zaure.

A ƙarƙashin kowane suna a takarda ta farko sai ka cike layuka ukun da ka bari: dalili, dama, hanya. Me zai samu? Yana da lokacin yi? Yana da abin yi da sanin yadda ake yi? Sabon mai karatu yakan rungumi dalili ya manta da sauran biyun. Marubuci kuwa kowa yana ba shi dalili, don ba ya cin komai. Dama ita ce ke tace mutane.

6. Gane inda ake binne alama

Hanyoyin ba su da yawa, kuma da zarar ka san su za ka riƙa cin karo da su.

Cikin jeri. Misali, a ce a kan teburin mamaci akwai tabarau, wasiƙu uku, kwalbar tawada, kofuna biyu, da jaridar jiya. Sai a yi shafi biyu ana maganar wasiƙun. Kai kuwa ka tambaya: an ce shi kaɗai ya yini, to kofi na biyu na waye? Duk inda ka ga jeri, ka karanta shi sau biyu, ka fi kula da abin da ke tsakiya.

Gab da hayaniya. A faɗi muhimmiyar magana, nan take wata ta suma ko a buga ƙofa. Hankalinka ya tafi can. Duk lokacin da aka katse zance, ka koma layi uku baya.

A bakin wanda ba a ɗauka da daraja. Tsohuwa mai surutu, yaro, 'yar aiki mai tsoro. Cikin shirme goma akwai gaskiya ɗaya.

Abin da babu. Karen da bai yi haushi ba, takalmin da ba laka alhali an yi ruwa, hoton da ya bar tabonsa a bango.

Sanin da bai kamata ba. Wani ya ambaci abin da mai laifi da 'yan sanda kaɗai suka sani.

Tsohon labari. Idan ana ta komawa ga wata shari'a ta shekara ashirin baya, ko wani ɗan'uwa da ya tafi Kanada ko Ostareliya aka daina jin ɗuriyarsa, ka ƙirga shekaru, ka duba wa ke cikin gidan da shekarunsa suka yi daidai.

Akwai kuma ɓad-da-sawu. Kusan kowa a cikin labarin yana ƙarya, amma ba don kisa ba: wannan bashi yake ɓoyewa, waccan soyayya, wancan ɗan abin da ya sata. Kama mutum da ƙarya bai isa ba, sai ka gano me ƙaryar take rufewa. Idan sirrinsa ya fito kuma ya bayyana halinsa duka, ka sa masa alama a gefe, amma kada ka goge shi. Haka wanda aka zarga tun farko aka wanke shi, da wanda aka kai wa hari ya tsira da ƙyar: su biyun nan mai karatu yakan cire su daga lissafi, marubuta kuma sun san haka.

7. Tsaya kafin a fasa ƙwai

Littafi mai shafi 250, a shafi 30 zuwa 35 kowane dare, kwana takwas ne. Kada ka ja shi ya wuce mako biyu, za ka manta ƙananan abubuwa. Ka tsaya a ƙarshen babi, ka kashe minti biyu ka gyara takardunka.

Idan saura kamar shafi 30 ko 40, za ka ji mai bincike ya ce ya san komai, ko ya sa a tara kowa a ɗaki ɗaya. Rufe littafin nan. Rubuta suna ɗaya, da yadda ya yi, da alamu uku da suka nuna maka. Suna ba hujja caca ce, ba ta da daɗi ko ka dace. Ka kwana a kai, gobe ka ƙarasa a zama ɗaya.

Bayan ka gama, koma babi uku na farko ka sake karantawa. A ganina nan ne rabin daɗin yake, domin za ka ga gaskiya tana zaune a fili tun shafi na ashirin, an faɗe ta da kalmomin da ba ƙarya a cikinsu. Idan ka koma ba ka sami alamun ba, laifin marubucin ne, ka sauya wani.

Wanda fensir ya yi wa kama da aikin makaranta, ya riƙe jerin sunaye kawai ya bar jadawalin. Mai saurare da kunne kuwa jerin sunayen ya zame masa dole, kuma kada ya ƙara saurin muryar. Idan ku biyu ko uku ne kuke karanta littafi ɗaya, ku yanke shafin da kowa zai tsaya, kowa ya rubuta amsarsa a ninke kafin ku yi muhawara.

KASHI NA BIYU: TATSUNIYA

8. San wace iri ce a hannunka

A nan ka ajiye fensirin zargi. Tatsuniyoyin Turai da suka shahara gida uku ne. Na Charles Perrault, wanda ya buga takwas a Faris a 1697 don manyan mutanen fada, gajeru ne masu santsi, da darasi cikin waƙa a ƙarshe. Na 'yan'uwan nan biyu, Jacob da Wilhelm Grimm, waɗanda suka tattaro a Jamus: kundin farko ya fito a 1812, suka yi ta gyara har bugu na bakwai a 1857, mai tatsuniya 200 da ƙissoshin addini goma. Sai na Hans Christian Andersen na Denmak, wanda ya fara bugawa a 1835. Yawancin nasa shi ya ƙaga su, shi ya sa suke da dogon siffantawa da baƙin ciki.

Don gane cikakken bugu, duba ko an rubuta sunan mai fassara. Idan an ce "an sake ba da labari" kuma hoto ya fi rubutu yawa, taƙaitacce ne na yara ƙanana. Ba laifi gare shi, amma ba shi ne asalin ba.

9. Karanta kai kaɗai tukuna

Kada ka buɗe wa yaro tatsuniyar da ba ka karanta ba, ko da ka san sunanta daga fim. A wajen Perrault, yarinya mai jar hula kerkeci ya cinye ta, labari ya ƙare. Grimm ne suka kawo maharbin da ya cece ta. A tatsuniyar Cinderella, yarinyar da aka gano ta takalminta, a wajen Perrault takalmin gilashi ne kuma ta yafe wa 'yan'uwanta. A wajen Grimm na zinariya ne, ɗaya ta yanke yatsa ɗaya ta yanke diddige don ya shige su, daga baya tantabaru suka tsone musu ido. A wajen Andersen, 'yar ruwa ba ta auri ɗan sarki ba, yarinya mai sayar da ashana kuma sanyi ya kashe ta a titi. Akwai ma tatsuniyar Grimm da ke cin zarafin Bayahude, wadda ba ta dace da yara ba sam.

Ka yi alama uku a jerin sunayen: ta ƙanana, ta waɗanda suka kai shekara takwas ko tara, ta manya.

Ka yi hattara da matar uba. Ta cika waɗannan labarai da mugunta, kuma a gidan da ake zaune da kishiyoyi, ko akwai marayan da matar uba ke riƙo, magana ce mai iya taɓa zuciya. Abin lura shi ne, a bugun 1812 uwa mahaifiya ce ta nemi halaka Snow White, yarinyar nan fara kamar dusar ƙanƙara, haka a tatsuniyar Hansel da Gretel uwa ce ta sa aka yar da yaran biyu a daji. Daga baya Grimm suka mayar da ita matar uba. Tunda su ma sun sauya, kai ma kana iya cewa wata muguwar mata ce kawai.

10. Karanta da murya, ka bar tambayar "don me"

Kalma 1,000 tana cin minti bakwai zuwa takwas idan ana karantawa a natse, kuma yawancin na Grimm ba su wuce minti goma zuwa sha biyar ba. Ɗaya ta isa a dare.

Tatsuniya ba ta bayyana dalili. Kwaɗo ya yi magana, ba wanda ya yi mamaki. Idan ka tsaya neman hujja kamar yadda ka yi a Kashi na Ɗaya, ka kashe ta. Abin da za ka bi shi ne tsari: 'ya'ya uku, gwaji uku, hani ɗaya da dole a karya, ƙaramin taimako da aka yi wa dabba ko tsohuwa wanda zai dawo da lada. Maimaicin nan kada ka taƙaita shi da cewa "haka na biyu ma ya yi". Faɗe shi cikakke duk sau ukun, ka rage gudu a na uku, don a nan abin yake juyawa. Inda akwai 'yar waƙa, sa mata karin murya ka bar yara su amsa.

11. Idan masu sauraro Hausa suke ji

Kada ka fassara layi-layi kana kallon littafi. Karanta sau biyu, rubuta ƙashin labarin cikin layi shida ko bakwai, rufe littafin, ka bayar da bakinka. Buɗe da "Ga ta nan, ga ta nanku", su ce "Ta zo mu ji ta", ka rufe da "Ƙurunƙus". Wannan buɗewa da rufewa su ne ke gaya wa yaro cewa an shiga duniyar ƙage an kuma fito, don haka mayu da dodanni da aljanun ciki ba sa bin sa makwanci.

Abubuwan da ba a sani ba hanya biyu ce. Ko ka bar su yadda suke ka bayyana kafin ka fara, ka ce ƙasar ana dusar ƙanƙara, akwai kerkeci a dajinsu. Ko ka mayar da su gida gaba ɗaya, kerkeci ya zama kura. Abubakar Imam ya bi hanya ta biyu a Magana Jari Ce a ƙarshen shekarun 1930, inda ya ɗauko wasu labarai daga Grimm da Dare Dubu da Ɗaya ya sa musu rigar Hausa. Kowace ka zaɓa ka tsaya a kanta. Kura cikin dusar ƙanƙara rikita yaro take yi.

12. Jera 'yan gida ɗaya

Ga babban mai karatu, daɗin tatsuniya yana ninkuwa idan ya ajiye iri biyu ko uku na labari ɗaya gefe da gefe. Masana sun ba kowane tsari lamba a kundin da ake kira ATU. Ɗauki lamba 480, labarin yarinya mai ladabi da marar ladabi. A wajen Grimm, ta faɗa rijiya, ta fitar da burodi daga tanda, ta girgiza bishiyar tuffa, ta yi wa tsohuwa aiki, aka yi mata ruwan zinariya. 'Yar'uwarta ta bi sawu da ƙyuya aka zuba mata kwalta. A wajen Perrault, ta ba tsohuwa ruwa a bakin rijiya, furanni da duwatsu masu daraja suka riƙa zubowa daga bakinta. Ɗayar kuwa macizai da kwaɗi. Sai ka tuna tatsuniyar Ruwan Bagaja, ta 'yar bora da 'yar mowa, ba littafin da ke da wannan suna ba. Za ka same ta da ire-irenta a bakin tsofaffi, kuma Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya da kundin Frank Edgar na 1911 zuwa 1913 sun adana tatsuniyoyin Hausa masu yawa da za ka yi irin wannan gwami da su.

Raba takarda gida uku, kowace tatsuniya da gidanta, ka amsa tambaya huɗu: me ya fitar da yarinyar daga gida, wa ya gwada ta, da me aka gwada ta, me ta samu. A layin gwaji za ka fi daɗewa, domin a nan kowace al'umma ke nuna halin da take so ga 'ya mace: wata aikin gida, wata kyautar ruwa ga baƙo, wata iya gaisuwa da kame baki a gaban abin mamaki.

Idan ka ba yara wata tatsuniya da Hausa, rubuta kalmomin waƙar da sunayen da ka sa a gefen shafin da fensir tun a daren. Za su sake neman ta, kuma idan ka sauya kalma ɗaya a waƙar za su tsayar da kai sai ka gyara.